Rigar Tarko

Ranar da suka fara haɗuwa, ɓarawo ta ɗauke shi.

Daga wanke hannu ta dawo. Tana turo ƙofar situdiyon ɗinki ta hango wani saurayi mai farin gilashi tsugune gaban mutum-mutumin da take gwada ɗinkinta a kai, kyamara rataye a wuyansa, hannunsa riƙe da gefen ƙyallen da ta lulluɓe aikinta da shi. Ba ta san lokacin da ta ratsa tsakanin kekuna da teburan yanka ba.

"Malam, wa ya aiko ka?"

Ya ɗago a firgice, har gilashin ya zamo masa kan hanci. "Yi haƙuri, 'yar'uwa. Ƙyallen na ga yana jan ƙasa, ga ruwan guga ya zube a wurin, shi ne na ce bari in ɗage."

"Da kyamara ake ɗage ƙyalle?"

"Da hannu na ɗage. Kyamarar a wuya take."

'Yan aji suka kwashe da dariya, ita kam ko gezau. Ta miƙa hannu, shi kuma bawan Allah ya cire kyamarar ya ba ta. Ya yi mata bayani cewa sashen ne ya ɗauko shi ya riƙa ɗaukar hotunan aikin 'yan ajin ƙarshe, saboda baje kolin da za a yi in sun kammala. Ta bi hotunan ɗaya bayan ɗaya har ta kai ƙarshe. Babu rigarta a ciki.

"Ka riga ka goge ne," in ji ta.

Nan ya yi wata dariya da ta ba ta haushi, ta kuma ƙi fita daga kunnenta har ta koma gida.

A sashen koyon zayyanar tufafi na jami'ar, 'Yar Makulli ake ce mata, kuma ba a zalunce ta ba. Akwatin almakashinta da kwaɗo, durowarta da kwaɗo, jakar zane-zanenta da kwaɗo. Makullan suna rataye a wuyanta tare da tef ɗin awo, in tana tafe sai ka ji ƙararsu kafin ka gan ta.

Ba haka ta shigo ba. A shekarar farko tana da ƙawa, Doguwa, wadda Malamar ajinsu ta haɗa su su riƙa auna juna, suna liƙa wa mutum-mutumi soso har ya ɗauki surar jikin mai rigar. Tare suke cin abinci, tare suke ɓata yadi. Sai a shekara ta biyu wani salon hannun riga da ta daɗe tana zanawa ya bayyana a aikin Doguwa. Malama ta yaba, aka tafa. Doguwa ta rantse ba ta taɓa ganin zanenta ba, ita kuwa ta ce ta riƙe rantsuwarta. Daga ranar gaisuwa ta ƙare tsakaninsu, daga ranar kuma kowa ya zama abin zargi, har mai shara.

Mai hoton bai yi zuciya ba. Duk ranar da ya zo sai ya tsaya nesa da teburinta, ya ɗaga hannuwa sama, ya ce, "Ranki ya daɗe, an ba ni izinin wucewa?" Ta sa masa suna Ɗan Leƙen Asiri. Da sunan ya yi mata tsawo a baki, ya koma Ɗan Leƙe. Da aka ce kowace ɗaliba ta ba shi lambarta don ya riƙa turo mata hotunan aikinta, sai da ta je ta tambayi Malama ko da saninta.

Hoton farko da ya turo ba na riga ba ne. Hannuwanta ne, riƙe da alli a kan baƙin yadi.

Ta rubuta masa: "Wa ya ba ka izini?"

Ya amsa: "Babu wanda ya ba ni. Na kawo kaina ne. A yanke mini hukunci, amma don Allah a bar mini hoton."

"Me kake nema a wurina? Faɗi gaskiya."

"Gaskiya? Tun ranar da kika ƙwace mini kyamara ban dawo daidai ba, Makullina. Kin mayar mini da ita, amma akwai abin da kika riƙe."

Ta juya saƙon nan ciki da bai kamar mai duba ɗinkin wata, tana neman inda zare ya tsinke. Ba ta samu ba. Abin da ta samu shi ne kanta tana murmushi a gaban keke, har ta ɗinka hannun riga a baibai.

Haka abin ya fara. Shi ke ɗaukar mata naɗin yadi daga bakin ƙofa zuwa hawa na sama. Shi ke tsayawa yana riƙe mata ƙarshen tef. In ta yi latti ya ce bai daɗe da zuwa ba, alhali rana ta gama gasa shi. In ya yaba mata sai ta ce, "Me ka yi?" Ya ce, "Ban yi komai ba." Ta ce, "To me za ka yi?" Ya yi dariyar nan tasa. Tana son sa, ta san tana son sa, kuma son da kansa yake ba ta tsoro, don ba ta da kwaɗon da za ta sa masa.

Wata rana suna zaune a bencin da ke bayan sashen, ya ga tana ta gyara wuyan rigarta yana zamewa.

"Kullum sai na ga kina faɗa da kafaɗar nan," in ji shi.

"Ina ƙarama na faɗo daga kan katanga. Ta hagun ta ɗan fi ta dama sauka, ba kowa ke lura ba." Ta yi ɗan tsaki. "Ka ga ikon Allah, ina ɗinka wa mutane kaya su zauna musu ɗas, ni kuwa ban taɓa sa rigar da ta zauna mini a kafaɗa ba. Mutum ba ya iya soka wa bayan rigarsa fil tana jikinsa."

"To ki ba wata ta gwada miki mana."

"In juya wa wa baya, tana riƙe da fil?"

Ya gyara gilashinsa ya kawo wata hirar. Ita ma ta manta ta yi maganar.

Da ya je gaida Babanta, tsohon bai ja da nisa ba. Ya dube shi da tausayi ya ce, "Yaro, ka ji za ka iya? Ni da na haife ta, in na ari almakashinta sai ta biyo ni ta ga abin da zan yanka." Aka yi dariya, aka sa albarka.

A gidansu shi ne aka samu cikas. Ummansa tsohuwar shugabar makaranta ce, mace mai magana ɗaya. Ciwo ya taɓa mata ɓarin dama, hannun ba ya ɗaguwa, amma bai taɓa mata harshe ba. Ranar da ya kai 'Yar Makulli ta gaishe ta, Umma ta dube ta daga sama har ƙasa.

"Me aka ce kina karanta?"

"Zayyanar tufafi, Umma."

"Ɗinki ke nan."

"Har da ɗinki, Umma."

"Ikon Allah. A shiga jami'a a ƙare shekaru don a koyi ɗinki? Telan bakin layinmu ko firamare bai gama ba." Ta juya ga ɗanta. "Likitoci sun ƙare ne a garin, ko lauyoyi?"

'Yar Makulli ta sunkuyar da kai, kunnuwanta suna zafi. Amma idon mai ɗinki ba ya hutawa ko a gaban suruka. Ta lura rigar Umma a karkace take, wuyan ya ja gefe, alamar wani ne ya zura mata ita ta ka. Ta kuma lura da yadda fuskar Umma ta canza da wata ƙanwarsa ta leƙo ta ce, "Umma, in kin shirya canza kaya ki kira ni."

Ba ta gaya wa kowa ba. Ta ajiye aikin baje koli gefe, ta zauna ta fitar da wata doguwar riga mai buɗewa ta gefe, da maɓallan dannawa ɓoye cikin kalmasa, yadda mai hannu ɗaya za ta sa ta cire ba tare da ta kira kowa ba. Ta naɗe ta ba shi ya kai.

"Me ta ce?" ta tambaye shi washegari.

"Ta karɓa."

"Shi ke nan?"

"Ta ce a ajiye mata a ɗaki."

Ba godiya, ba aike, ba komai. 'Yar Makulli ta ce a ranta, to, an gane. Matar nan tana can tana nema wa ɗanta wata.

A cikin wannan hali ne ta fara ganin abubuwa.

Doguwa, wadda ko jakarta ba ta rufewa, ta ja wani mutum-mutumi ta kai ƙaramin ɗakin guga, ta lulluɓe shi ruf, ta ɗaure da igiya. Sai ga Ɗan Leƙe yana yawan wucewa ta ƙofar ɗakin. Ranar nan 'Yar Makulli ta shigo ta same su tsaye kusa da juna suna magana ƙasa-ƙasa. Suna ganin ta suka yi tsit, shi ya kama goge gilashin kyamara, Doguwa ta kama neman allurar da ba ta ɓace ba.

"Me kuke tattaunawa?" ta tambaye shi a hanya.

"Hotunan aikinta ne."

"Hotuna ake yi wa raɗa?"

"Makullina, ke dai."

Bayan kwana biyu ya bar wayarsa a teburinta ya je ɗauko fitilar ɗaukar hoto. Wayar ta yi haske. Ba ta taɓa ba, Allah Ya gani, amma ido ba ya neman izini. Daga Doguwa ne: "Ka samo mini zanen? Lokaci yana tafiya fa, kuma kada ta gane."

Kuma kamar an shirya, da yammar ranar ya dube ta da fuskar nan tasa ta salihai ya ce, "Wai ni Makullina, cikin duk rigunan da kika taɓa zanawa, wacce ce ta ranki? Wadda in an ce ki zaɓi ɗaya a duniya, ita za ki ɗauka?"

Da wata ce, da ta tambaye shi ƙiri-ƙiri. Wata da ta yi kuka, ko ta yi masifa, a yi ta ta ƙare. Ita kuwa 'Yar Makulli ba ta yarda da amsar baki ba, sai abin da ta kama da hannunta. Ta yi murmushi ta ce, "Gobe zan nuna maka."

Ta koma gida ta zauna ta zana riga mafi muni da ilminta ya iya haifarwa. Ta yi mata hannuwa kumbura-kumbura kamar matasan kai. Ta ɗaga wuyan har ya taɓa kunne. Ta jibga tattara hawa-hawa a ƙugu, yadda siririya ma za ta koma randa. Da ta ga da saura, ta ɗora wani ƙaton fure a baya, mai kama da kabeji. Ta yi wa zanen inuwa da kyau, ta gyara layukansa, ya fito kamar aikin da aka yi da zuciya ɗaya. In wannan rigar ta bayyana a hannun Doguwa, ba mai sake ce mata zargi ne.

Ta buɗe jakarta a gabansa, abin da ba ta taɓa yi ba. "Ga ta. Wannan ce rigar raina. Ban taɓa nuna wa kowa ba sai kai."

Ya daɗe yana kallo. Ya cire gilashi ya goge ya mayar.

"Wannan ɗin? Kin tabbata?"

"Ba ta yi maka ba ne?"

"A'a, a'a. In dai ke kike so, ta yi."

Ta bar takardar a kan tebur ta ce za ta wanke hannu. Ba ta je ko'ina ba, bayan ƙofa ta laɓe tana leƙe ta tsaga. Tana tsaye tana roƙon Allah kada tarkon nan ya kama. Ta ga ya waiga dama, ya waiga hagu, ya zaro waya ya ɗauki hoton.

Ta yi zaton in ta kama shi za ta ji daɗin cewa ba ta yi kuskure ba. Ba ta ji ba. Ji ta yi kamar an zare mata wani abu a ƙirji, ta jingina da bango ta yi kuka mara sauti, makullan wuyanta suna kaɗawa.

Daga nan ta ja baya. In ya zo ta ce aiki ya yi mata yawa. In ya kira ta bar wayar ta gaji ta yi shiru.

Ya rubuto: "Makullina, shirun ya yi yawa. In laifi na yi ki faɗa mini sunansa in san ta inda zan fara ba da haƙuri. Abinci ma ba ya mini daɗi."

Ta amsa: "Aiki ne."

Ya sake rubutowa: "Allah Ya ba da sa'a, hasken idona. Ki daure kaɗan. Akwai abin da nake so ki gani in kin gama, na san za ki yi murna."

Ta kife wayar. Wato har da ba'a.

Ranar da Malama ta zo zagayen duba aikin kowa kafin baje koli, situdiyo ya cika. Ɗalibai suna tsaye gefen ayyukansu, shi kuma yana bin Malama da kyamara. 'Yar Makulli ta bari sai da aka iso tsakiyar ɗaki, sannan ta wuce ɗakin guga, ta turo mutum-mutumin nan a kan tayoyinsa, ta sa almakashi ta datse igiyar, ta fizge lulluɓin.

Ga ta nan. Hannuwan matasan kai, wuya har kunne, tattara hawa-hawa, ga kabeji a baya. An ɗinka ta da wani yadi mai ruwan madara, mai nauyi da sheƙi, irin wanda mai ɗinki kan wanke hannu kafin ta taɓa. Ɗakin ya yi tsit, sai wata ta kasa riƙewa ta fashe da dariya.

"Malama, ki shaida," in ji 'Yar Makulli. "Wannan zanena ne. Da gangan na yi shi da muni, tarko na ɗana. Mutum ɗaya na nuna wa a duniya, ga shi nan tsaye. A gabana ya ɗauki hoto ya kai mata. Shekarar da na ce an sace mini aiki an ce zargi ne. Yau fa?" Ta juya gare shi. "Kai kuma ka je ka gaya wa Umma ta kwantar da hankalinta. Telar ta bar mata ɗanta."

Ya sauke kyamarar a hankali, ya tsaya yana kallon ta kamar bai taɓa ganin ta ba.

Doguwa ce ta matso, ta harɗe hannuwa. "Kin gama? To, ke mai taƙama da ido, zo ki dubi kafaɗar."

"Ba abin da zan..."

"Ki duba, na ce."

Ta duba. Kafaɗar dama an ɗora mata soso, ta hagu an rage, ta ɗan sauka kaɗan, yadda ba kowa zai lura ba. Hannunta da kansa ya jawo tef daga wuyanta. Ta auna faɗin baya. Ta auna ƙugu. Ta auna daga wuya zuwa ƙasa. Kowane awo ta san shi, don da shi take kwana take tashi.

"Tun shekarar farko na san kafaɗar nan," in ji Doguwa. "Ni na fara auna ta. Ya zo ya roƙe ni in ɗinka miki rigar aure, wai kin ce ba ki taɓa sa wadda ta zauna miki ba. Na ce ba na shiga harkarki, ya yi ta sintiri har na gaji. Da ya kawo zanen nan na ce masa wallahi ko labule ba za a yi da wannan ba. Na ce 'Yar Makulli ba za ta zana haka ba sai dai in zazzaɓi ne ya kama ta. Ya ce ke kika ce ita ce rigar ranki, kada in kuskura in canza ko zare ɗaya. Ina ɗinka kabejin nan ina istigfari."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya.

"Yadin na Umma ne," in ji shi, a hankali. "Tun kafin ta kwanta ciwo ta ajiye shi saboda matar da zan aura. Ranar da ta sa rigarki da kanta, ba wanda ya kama mata, ta kira ni ɗaki ta miƙo mini shi. Ta ce kada in gaya miki, ita ba ta iya godiyar baki ba." Ya rataya kyamararsa. "Da kin tambaye ni, da na faɗa miki. Sau ɗaya ma."

Ya ba Malama haƙuri, ya fita.

Malama ta dubi rigar, ta dubi 'Yar Makulli, ta girgiza kai ta ce kowa ya koma bakin aikinsa. Ɗakin ya watse ya bar su su biyu da mutum-mutumi.

"Doguwa," ta ce, da ƙyar. "Hannun rigar nan na shekara ta biyu..."

"Ban sata ba. Kuma ba zan sake rantse miki ba, ba ni da wata shaida. In kin yarda, kin yarda."

'Yar Makulli ta tsaya. Babu abin aunawa a nan, babu abin kamawa da hannu, sai maganar mutum kawai.

"Na yarda," in ji ta. "Ki yafe mini."

"Ni mai sauƙi ce. Je ki nemi wancan."

Ta rubuta masa: "Ɗan Leƙena, na yi maka ƙarya don in kama ka da ƙarya, sai ga shi ni kaɗai ce maƙaryaciyar. Na kunyata ka a gaban mutane, na sa an yanka yadin Umma a kan wasan banza. Ba ni da hujja ko ɗaya. Ina son ka, kuma tsoro ne ya yi mini yawa. In ka ce ka haƙura da ni ba zan ga laifinka ba, amma don Allah kada ka ce."

Saƙon ya nuna an karanta. Amsa ba ta zo ba. Ranar ta wuce, wata ta bi bayanta, wayar tana nan shiru. Yanzu ta san yadda ya ji.

Da ta ga haka ta ɗaure zuciya ta tafi gidansu. Ta sami Umma a falo, sanye da doguwar rigar nan mai buɗewa ta gefe, wuyan ya zauna daidai. Ta durƙusa ta faɗi komai, ba ta rage ba.

Umma ta saurara har ƙarshe. "Wato yadin da na yi shekaru ina ɓoyo, kin sa an yi kabeji da shi."

"E, Umma."

"An ce ke gwana ce. Sai ki farke ki gyara."

"Zan iya, Umma. Doguwa ma ta ce za ta taya ni." Ta share hawaye. "Amma in kin yarda, kuma in shi yana so na har yanzu, haka zan sa ta. Ya ga muninta sarai, na ga fuskarsa. Ya karɓe ta a haka don na ce ina so, bai tambaye ni hujja ba. Ba na so a cire ko zare ɗaya."

Umma ta dube ta. Can sai kafaɗunta suka fara rawa, dariya ta ƙwace mata, har da riƙe ciki da hannun hagu.

"Kai kuma fito daga bayan labulen nan," ta ce. "Ƙafafunka duk a waje."

Labule ya motsa, sai ga shi ya fito yana gyara gilashi, idanunsa jawur.

"Ashe dai ban yi ƙarya ba da na sa maka suna," in ji 'Yar Makulli, tana kuka tana dariya.

"Na yi fushi, Makullina. Sosai."

"Na sani."

"Nan gaba in kin ga abin da bai yi miki ba?"

"Zan tambaye ka."

"In na ba ki amsa fa?"

Ta cire igiyar makullan daga wuyanta ta ajiye a tafin hannunsa. "Zan yi ƙoƙari. Ba zan ce zan iya rana ɗaya ba."

"Ya isa haka, kun cika mini falo da hawaye," in ji Umma. "Allah Ya yi muku albarka. Amma ki ji, 'yata, kabejin nan dai a cire shi. Muna da mutunci a dangi."

Bayan baje koli da fitowar sakamako aka sa rana. Ranar gwajin ƙarshe 'Yar Makulli ta tsaya gaban dogon madubin situdiyo, ta juya wa Doguwa baya. Doguwa tana riƙe da fil cike da baki, tana sokawa tana mita. Amarya ba ta waiga ba ko sau ɗaya.

Ranar biki kuwa an sha kallo. Da ta shigo, hannuwan rigar suka riga ta shiga ƙofa. Gwaggonni suka haɗa kai suna raɗa, wata ta ce ko sabon yayi ne na 'yan jami'a, wata ta ce Allah Ya kyauta. Babanta ya dube ta ya ce, "'Yata, wannan karatu ya yi yawa." Umma ce ta ɗaga murya daga kujerarta ta ce surukarta ce ta zana da hannunta, wanda bai gane ba ya koma makaranta. Aka yi tsit.

Amarya kam ba ta ji kunya ba. Tun safe har aka watse hannunta bai kai kafaɗa ba ko sau ɗaya, don rigar ta zauna ɗas.

Ango ya ƙi yarda wani ya ɗauki hoton farko. Ya karɓi kyamara daga hannun abokinsa, ya ja baya, ya ɗauka. Sannan ya tako ya miƙa mata da hannu biyu.

"Ranki ya daɗe, a duba. Kada a ce na goge wani abu."

Ta dubi kyamarar, ta dube shi. Ta sa yatsa ta tura masa abarsa.

"Bar shi, Ɗan Leƙena. Yadda ka gan ni ya ishe ni."

Iyaye suka ɗaga hannu suka roƙa musu zaman lafiya da zuri'a mai albarka, da zuciyar da za ta riƙa kyautata wa 'yar'uwarta zato. Duk ɗakin aka amsa da amin, kuma muryar Doguwa ta fi ta kowa ƙarfi.